Shawara nake nema: ya dace a yi kyautar kayan Sallah da ɗinkin 'yan koyo?

Maman Ikram, Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah teloli da malaman lekol da ke nan ku taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Ina koyar da ɗinki a wata 'yar makarantar faranko-arab (Faransanci da Larabci) a nan Garwa ta Kamaru, ba wani babban waje ba ne, aji ɗaya aka ware mana a bayan ofis, kekuna bakwai, biyar na ƙafa ne Butterfly baƙaƙen nan, biyu na wuta waɗanda yawanci a lulluɓe suke da zani don kun san halin wutar lantarkinmu in rani ya yi ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya. Ɗalibaina 'yan mata ne su 18, yawanci sun yi CEP, jarrabawar gama firamare, sai karatu ya tsaya, akwai matan aure uku a ciki. A Oktoba muka fara.

To wani Alhaji ɗan kasuwa, Allah ya saka masa da alheri, ya aiko wa makaranta atamfa turmi 12 da bandir ɗaya na yadin maza ya ce a yi wa marayu kayan Sallah. Sai direkta ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, me zai sa a kai wa telan waje a biya kuɗi alhali ga 'yan koyo a gida, su ɗinka wa ƙannensu na firamare, marayu da waɗanda iyayensu ba su da hali yara wajen 40, ranar rabawa a kafa rumfa a kira iyaye a ɗau hoto a sa a Facebook mutane su ga aikin da makaranta ke yi. Ni wallahi niyyar ban ƙi ta ba, har daɗi na ji. Amma na san hannun yarana. Shida zuwa bakwai ne suka iya ɗinki miƙaƙƙe, sauran har yanzu in sun ɗora hannun riga sai ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuya kam ba a magana, zik ni ke sa musu. Ga azumi ya ƙarato, ga bana 8 ga Maris cikin azumi zai faɗo, ni kaina ina da atamfar ranar mata jibge a gida ta mutane da na riga na karɓi kuɗinsu.

In na ce a'a za a ce na hana yara lada ko na raina aikin ɗalibaina, in na ce to kuma ranar Idi yarinya ta fito da riga karkatacciya ita za a yi wa dariya, ni kuma sunana ya ɓaci. Wanda ya taɓa yin irin wannan a makarantarsu dan Allah ya gaya min yadda suka yi.

Baba Tela, Domayo (Marwa)

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ke rubutawa ni ina faɗa, in kin ga harafi ya zame nasa ne.

Ki karɓi aikin, amma da sharaɗi, almakashi ya zauna a hannunki. Ni tun zamanin shugaba Ahijo nake kan keke kuma ban taɓa ganin rigar da keke ya kashe ba, a wajen yanka riga ke mutuwa. Ɗinki in ya karkace a sa reza a farke a sake, yanka kuwa in ya tafi ya tafi sai dai a yi hula da ƙyallen. Mu da muna yara a shagon ubangidana shekarar farko ko taɓa almakashi ba a bari ka yi, aikinka hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, kalmasa da allurar hannu, in an ga ka natsu a ɗora ka kan keke ba zare a ba ka takardar buhun siminti ka yi ta takawa, maigida ya ɗaga takardar ya duba ramukan allura a rana ko sun miƙe. Yaranki wata huɗu ko biyar kawai suka yi, kar ki ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Ga yadda zan yi da ni ne. Ki samo takardar siminti ki fitar da fasali girma uku ko huɗu, na 'yar shekara shida, takwas, goma, sha biyu. Samfur ɗaya tak kuma mara wahala, doguwar riga mai wuya zagaye, ba zik, ɗan tsagi a baya da maɓalli ɗaya da madauki. Zik shi ke tona asirin ɗan koyo, ki raba kanki da shi. Ke ki yanka, ko manyan nan biyu da kika fi yarda da su su yanka kina tsaye a kansu. Masu hannu miƙaƙƙe su haɗa gefe da kafaɗa, na tsakiya su yi kalmasar ƙasa, ƙananan su sa maɓalli su cire zare su yi guga. Wuya da ɗora hannu naki ne da manyan. Na maza jamfa da wando mai mazagi, wandon ki sakar musu shi gaba ɗaya ba abin da zai lalace, amma wuyan jamfa da aljihun ƙirji in lokaci ya ƙure gara a biya wani tela ya yi su kaɗai.

Lissafin yadi kuma ki yi shi tun yau. Turmi yadi 6 ne, ƙaramar yarinya yadi biyu ya ishe ta, kin ga riga uku a turmi, amma 'yan sha ɗaya sha biyu sai biyu da rabi ko uku har da ɗankwali. Ƙasan riga ki bar kalmasa mai faɗi kamar santimita 5, yaro girma yake, baɗi uwarsa ta farke ta sauke. Yadin mazan in auduga ne a jiƙa shi ya kwana a shanya kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko wando zai koma ƙwauri. Allura lamba 14 ta isa atamfa, ki sayi fakiti ki ajiye don za su karya. Sannan ki duba tef ɗin kowace yarinya, fuska ɗaya santimita ce ɗaya inci, mu nan wasu sun koya wajen telolin Najeriya da inci wasu a lekol da santimita, inci ɗaya ya kai santimita biyu da rabi, in wadda ta auna da wadda ta rubuta ba fuska ɗaya suke kallo ba za ki ga abin mamaki.

Kuma kar ki yi alkawarin jajibere. Ki ce wa direkta 20 ga azumi za a gama, abin da bai ƙare ba a ranar a kai waje. Mu teloli an san mu da alkawarin Sallah, kar ki fara koya musu shi tun yanzu.

ummi_237

anty gsky ni inaga ki yarda kawai. mu lokacin da muke koyo a CPFF wato cibiyar koyawa mata sana'a wata hudu muna dinka kananan riguna na yar tsana da tsumma har na gaji na kusa dainawa, ranar da madam tace kowa ta kawo kanwarta ta auna ta dinka mata ranar na gane ashe mutum yanada kafada da ciki ba kamar takarda ba lol. rigar bata yi wani kyau ba amma yarinyar har bacci takeyi da ita. yanzu haka da kekena nake ciyar da kaina alhmdllh. ki bari su gwada Allah zai bada sa'a

'Yar Tongo, Ngaundere

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya biya. Baba ya gama magana a kan ɗinki ni ba tela ba ce, amma akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba kuma shi ya fi damuna. Atamfar nan turmi 12 zane iri ɗaya ce ko kala-kala?

Dalilin tambayata, ni an taɓa yi min irin wannan kyautar, ina aji huɗu shekarar da mahaifinmu ya rasu. Makarantarmu ta ɗinka mana kaya mu wajen talatin duk atamfa ɗaya, ruwan ganye mai zanen fanka, har gobe ina ganinta a idona. Ɗinkin lafiya lau yake ba abin da ya same shi. Amma an kira mu ɗaya bayan ɗaya a gaban layi ana tafi, kuma ranar Idi da muka fita duk inda ka hango ruwan ganyen nan a filin Idi ka san wane ne, yaran unguwa har suna nunawa suna cewa ga 'yan kayan marayu can. Na dawo gida na cire ban sake sawa ba, innata ta yi faɗa ta yi lallashi daga ƙarshe ta farke ta yi wa ƙanwata zanin goyo. Wanda ya ba da kyautar bai san an yi ba, na tabbata da zuciya ɗaya ya bayar.

Don haka ni hannun riga ya ɗan fi ɗaya tsawo bai kai wannan ciwo ba. In iri ɗaya ce ku roƙi Alhajin a musanya a kasuwa, tunda ɗan kasuwa ne ba zai yi masa wuya ba, a samu zane shida ko bakwai irin wanda kowa ke sawa. Awo a yi shi a ɗakin ɗinki ba a cikin aji ba. In an gama a ƙunshe a leda a kai wa uwa ko kaka a gida ita ta ba ɗanta da hannunta. Hoton yara a Facebook kuwa dan Allah ki tsaya tsayin daka ki hana, yarinyar za ta girma hoton yana nan. Ai malamai kullum suna karanto mana a Baƙara cewa kar a ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma cutarwa ba sai da mugun nufi ba.

Malam Sali, Gidar

Salam. Ni ina koyarwa a lise teknik wato sakandaren fasaha, ba sashen ɗinki ba amma ofishinmu ɗaya da malaman IH, wato masu koyar da ɗinkin tufafi, don haka ina ganin yadda suke yi.

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa na yanka da allura ba mai ja da kai, amma wajen raba aikin nan ina da ɗan ja. In aka ce wannan gefe kawai, waccan maɓalli kawai, kaya za su fito da kyau amma yarinyar da ta yi wata guda tana sa maɓalli me ta ƙaru da shi? Tsarin shago ne wannan, inda burin maigida kaya su fita. Ita Malama makaranta take riƙe da ita. Ni da za a haɗa su biyu-biyu, mai hannu da mai rauni, a ba su yara huɗu ko biyar su ne nasu tun daga awo har guga, yanka da wuya dai a hannun Malama kamar yadda ka ce. In riga ta matse a hammata su za su ga yarinyar ta kasa ɗaga hannu, su za su farke. A jarrabawar ƙwarewar sana'a ta CAP ma ai ba a tambayar ka maɓalli, kaya ake ba ka ka fitar daga farko zuwa ƙarshe cikin lokaci.

Tunda na ambaci CAP bari in yi miki wata tambaya Malama, yaran nan in sun gama wace takarda za su fita da ita? Don hanyoyin a ƙasar nan daban-daban ne kuma iyaye da yawa ba su sani ba. Wadda ta shiga CETIC, ƙaramar sakandaren fasaha, bayan CEP shekara 4 take yi ta zauna CAP, in ta so ta wuce lise. SAR/SM, makarantun sana'ar hannu da aikin gida, shekara 2 ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar samar da aiki da koyon sana'a wato MINEFOP, wadda ita ce kuma ke ba cibiyoyi masu zaman kansu izini, ɗalibansu su iya zama jarrabawar samun takardar shaidar sana'a ta CQP ko DQP. CPFF da Ummi ta ambata na ma'aikatar mata da iyali ne. In sashenku ba shi da izinin nan takardar da direkta zai buga musu ta bango ce kawai. Ba cewa nake sai da takarda ake cin abinci da keke ba, Baba shaida ne, amma ranar da za a nemi tallafi ko kwangilar ɗinki ita ake fara tambaya. Tunda direktanku na son a ga aikin makaranta, wannan ya fi rumfa da hoto amfani.

Abu na ƙarshe, kayan yara na kyauta lada ne amma kar yaran su ɗauka nan kasuwa take. Audugar nan a gonakinmu ake nomanta, hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton tana Garwa kusa da ku, CICAM ma ta kafa masaƙarta a garin tun shekarun 1960, amma je ki kasuwa ki ga abin da uwa ke saya wa ɗanta na yau da kullum, gwanjo ne, don ya fi yadi da kuɗin ɗinki araha. Abin da gwanjo bai iya ƙwacewa ba shi ne tenu wato kayan makaranta a Satumba, kayan fareti na 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu, atamfar 8 ga Maris, ankon biki, sai kayan Sallah. In sun yi wannan aikin lafiya ki nemi a ba su ɗinkin tenu ɗin makarantar na baɗi, da kuɗi.

Abakar, Injamena

Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Kowa na ta yabon niyya amma ni tambayata ɗaya, me ya sa sai a jikin maraya za a gwada hannun 'yan koyo? Direkta ba shi da 'ya'ya ne? Malaman makarantar fa? In ya yarda da aikin yaran ya fara kawo yadin 'yarsa su ɗinka mata na Sallah mu gani. Abin da ba za ka sa wa ɗanka ranar Idi ba kar ka sa wa na wani don kawai ba shi da mai tsaya masa.

Na biyu, su 'yan matan nan 18 da za su yini kan keken ƙafa da azumi a bakinsu cikin zafin Garwa na watan Maris, me za su samu? Na tabbata a cikinsu akwai marayu, akwai wadda ita ma ba ta san inda nata kayan Sallar zai fito ba. Yayata tela ce a Kusiri, kullum nake tsallaka gadar Ngeli in same ta, na ga yadda ake yi da 'yan koyo, shekara biyu uku suna aiki kyauta da sunan ana koya musu. Kuɗin da makaranta ta tsira da shi na telan waje ai guminsu ne. Ko rabin kuɗin ɗinki ne a ba su, ko a ce wa Alhaji ya ƙara turmi shida a raba musu. Sannan zare da maɓalli da gawayi da man keke wa zai saya? Malama ki tambaya tun yanzu a rubuce, in ba haka ba daga jakarki zai fita.

Maman Ikram, Garwa

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Baba na gode Allah ya ƙara lafiya, a gaida jika mai rubutu. Yaya 'Yar Tongo wallahi saƙonki sai da ya sa ni hawaye, na je na buɗe kayan, zane uku ne kawai huɗu-huɗu. Yau da safe na samu direkta na karanta masa abin da kika rubuta ban faɗi daga ina ba, ya yi shiru, ya kira Alhaji a gabana kuma Alhaji ya ce a mayar da takwas shagonsa a zaɓo wasu, ko a jikinsa. Maganar taro ce dai ba mu gama ba, shi yana ganin dole a yi wani abu don masu taimako su gani su ƙara. Na ce to a rataye kayan a igiya a ɗauki hoton ɗalibaina da kekunansu, wadda mijinta ko babanta ya yarda, yaran da za a ba kuwa ko sunansu kar a kira. Ya ce zai yi shawara da kwamitin iyaye.

Malam Abakar maganarka da zafi amma ban ga ƙarya a ciki ba. Na riga na yanke Ikram ɗina ita za a fara aunawa, da atamfar da na saya mata da kuɗina, in rigarta ba ta fito yadda zan bar ta ta je Idi da ita ba to ba za mu taɓa na Alhaji ba. Kuɗin zare direkta ya ce makaranta za ta ba da, na yara kuma ya ce babu a kasafi, zan sake komawa. Malam Sali biyu-biyun nan zan gwada amma ƙananan guda huɗu da ko layi ba su miƙar ba tukuna su dai maɓalli da guga, maganar izini kuma ban taɓa tambaya ba sai na bincika.

Baba saura tambaya ɗaya, ba mu da keken da ke kashe bakin yadi, a gida nakan kai kasuwa a yi min amma riga arba'in kuɗin zai yi yawa. Yaya zan yi kar cikin rigar ya yi ta zubar da zare?

Baba Tela, Domayo (Marwa)

'Yata ai mun yi shekaru muna ɗinki kafin wannan keken ya zo. Ɗinki biyu za ki koya musu. Su haɗa yadin fuska tana waje su taka siriri kusa da baki kamar rabin santimita, su datse zaren da ya fito da almakashi, su juya rigar ciki ya koma waje, su danne da guga, sannan su sake takawa santimita ɗaya daga baki. Bakin yadin ya shige ciki ke nan ba abin da zai zube ko an wanke sau ɗari. A gefe da kafaɗa yake yi, a hammata kuwa yana tattarewa, nan sai ki yanko siririn ƙyalle a karkace ki naɗe bakin da shi. Ki ƙara santimita ɗaya da rabi a fasalin kowane gefe saboda shi, kar ki yanka daidai jiki.

Maganar Malam na biyu-biyu ban ƙi ba, shi ya san makaranta ni shago na sani, amma in kin ga azumi ya kai goma ba a yi rabi ba ki koma tsarina. Kuma kafin ku fara ki sa a zuba wa kekunan nan biyar mai a duba igiyarsu, wadda ta saki a rage ta a sake ɗaurewa, ki sayi kwarkwaro ko goma ki ajiye don yara sun iya ɓatar da shi.